Mai Shuka da Mai Girbi: Yadda Ya Kamata a Auna Masu Horar da Zakunan Kamaru

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Briketeri ta birnin Yawunde, wadda ta samo sunanta daga wata ma'aikatar bulo ta zamanin Turawa, wadda kuma ta zama masaukin Hausawa da Fulani da sauran Musulmi fatake tun kaka da kakanni, ya san cewa idan aka idar da sallar isha'i, hayaƙin tsire ya turnuƙe bakin titi, masu shayi suka jera kofuna a kan tebur, to, babu wata mas'ala da ke tara mutane wuri guda kuma ta raba kawunansu kamar mas'alar ƙwallon ƙafa. Ba abin mamaki ba ne, domin da mutum ya ɗan haura tudu zuwa Tsinga, inda babban masallacin nan da Saudiyya ta gina yake, zai tarar da hedikwatar hukumar ƙwallon ƙafa ta Kamaru, wadda ake kira FECAFOOT, har ma 'yan jarida sun saba, idan suna nufin hukumar, sai su ce Tsinga ta faɗi kaza, ko Tsinga ta yanke kaza. Maƙwabcin gidan sarki kuwa ba ya rasa labarin fada.

A irin wannan majalisa ce na ji wani saurayi ɗan acaɓa, hular kwanonsa a kan gwiwa, yana rantsuwa cewa a duk tarihin Zakunan Kamaru ba a yi mai horarwa kamar Baturen Rashan nan da ya kai su Italiya a 1990 ba. Wani dattijo tela, wanda ke zaune kusa da ni yana juya kofin shayinsa don ya huce, ya bar shi ya gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka ga wanda ya yi girbi, amma ka tambayi wanda ya yi shuka?" Saurayin ya amsa da ladabi, "Baba, ai sakamako shi ne shaida." Tun daga daren nan maganar mutanen biyu take yi mini yawo a zuciya, domin kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, kuma saɓaninsu tsoho ne, an daɗe ana yin sa a ƙasashen da ba su taɓa jin sunan Briketeri ba.

A Amurka, alal misali, inda jami'o'i ke da ƙungiyoyin wani irin wasan ƙwallo nasu na daban, wanda ake runguma a hannu a ruga da gudu, kuma filin wasan jami'a guda kamar ta Michigan yakan ɗauki mutum fiye da 100,000, an mai da wannan muhawara wani fanni na ilmi mai zaman kansa. Mai horarwa a can shi ne da kansa ke bin makarantun sakandare, ya shiga gidajen iyaye, ya zauna da uwa da uba yana lallashinsu su ba shi ɗansu. Akwai kuma kamfanoni waɗanda aikinsu ke nan su ba kowane yaro taurari gwargwadon bajintarsa, mafi daraja shi ne mai biyar. Idan shekara ta ƙare sai a ɗora taurarin da mutum ya tara a hannu guda na mizani, a ɗora nasarorin da ya samu a ɗaya hannun, a ga wanda ya ci amanar dukiyar da aka ba shi da wanda ya ninka ta. Nick Saban, wanda ya ɗauki kambin ƙasa sau 7, shida daga ciki tare da jami'ar Alabama, kafin ya yi murabus a Janairun 2024, ya shahara ne saboda hannuwan mizaninsa duka biyu sun yi nauyi. Mu a nan ba mu da masu raba taurari, amma muna da tarihi, kuma tarihin Zakuna ya isa hujja ga mai son ya yi adalci.

Malamanmu na da, idan za su yi tarjamar wani shehi, ba su wadatuwa da ambaton littattafan da ya wallafa, sai sun faɗi wurin wa ya ɗauki karatu, su wane ne kuma suka ɗauka a wurinsa, domin sun san daraja tana bin salsala. Da wannan ƙiyasi nake ganin mai horarwa yana da aiki biyu waɗanda ba dole ne su haɗu a jikin mutum ɗaya ba. Na farko firasa, watau idon da ke hango zakara tun yana ɗan tsako. Na biyu tadbiri, watau iya sarrafa mutanen da ke hannu har su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya ranar da ake bukata. Jama'a na ganin na biyu domin a fili ake yin sa, cikin minti 90, gaban dubban idanu. Na farko kuwa a ɓoye yake, kuma sau da yawa amfaninsa ba ya nuna sai mai shi ya riga ya tattara kayansa ya bar ƙasar.

Mu fara da Claude Le Roy, Bafaranshe, wanda ya zo Kamaru a 1985 yana da shekara 37, a lokacin da manyan da suka ɗaukaka sunan Canon da Tonnerre na Yawunde, suka buga gasar duniya ta 1982 a Sifen ba tare da an ci su wasa ko ɗaya ba, suka kuma ɗauko kofin Afirka na 1984 a Abijan ƙarƙashin Radivoje Ognjanović, suka fara gangarowa daga ganiyarsu. Abin da ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa shi ne bai zauna a babban birni yana jiran a kawo masa sunaye ba, ya shiga ƙasa yana kallon wasannin ƙananan ƙungiyoyi, kuma a zamaninsa ne 'yan'uwan nan biyu, François Omam-Biyik da André Kana-Biyik, da Stephen Tataw da Émile Mbouh da Cyrille Makanaky da Benjamin Massing suka samu gindin zama a cikin Zakuna. Ya kai su wasan ƙarshe a Alƙahira a 1986, Masar ta fi su sa'a a bugun fenareti. Bayan shekara biyu ya ɗauko kofin a Kasabalanka, inda Emmanuel Kundé ya ci Nijeriya da fenareti, wasan da har gobe 'yan'uwanmu na Kano da Kaduna ba su manta ƙwallon Henry Nwosu da alƙalin wasa ya soke ba. Firasarsa ma ba ta tsaya ga 'yan Kamaru kaɗai ba. Shi ne ya ga wani saurayi ɗan Laberiya yana wasa a Tonnerre, a nan cikin Yawunde, ya yi wa Arsène Wenger na Monaco bayaninsa, aka ɗauke shi a 1988. Saurayin nan shi ne George Weah, wanda ya zama gwarzon ɗan ƙwallon duniya a 1995, daga bisani ya zama shugaban ƙasarsa, kuma da ya hau mulki a 2018 bai manta alheri ba, ya kira Le Roy da Wenger zuwa Monrobiya ya karrama su.

To, wannan gonar ce Baturen Rashan nan, Valery Nepomnyashchy, ya tarar ta yi yabanya sa'ad da ya iso daga Tarayyar Sobiyet a 1988, mutum ne da ba a san shi ba ko a ƙasarsu, wanda ba ya jin Faransanci sai da tafinta. Masu yabonsa sukan tsallake wani babi, watau gasar Afirka ta Maris 1990 a Aljeriya, inda Zakuna, alhali su ne masu riƙe da kofi, suka fita tun a zagayen farko, kuma cikin waɗanda suka ci su har da Senegal, wadda mai horar da ita a lokacin ba kowa ba ne sai Le Roy. Bayan wata uku, ran 8 ga Yuni, a birnin Milan, Omam-Biyik ya yi tsalle ya sa wa ƙwallo kai, Ajantina ta Maradona ta faɗi da ci 1 da nema, ko da yake an kori Kana-Biyik da Massing da jan kati. Kuma mafi yawan goma sha ɗayan da suka fara wasan nan 'yan tawagar 1988 ne. Roger Milla kuwa, wanda ya ci huɗu, biyu a ragar Romaniya biyu a ta Kolombiya, yana ɗan shekara 38, yana can tsibirin Réunion yana wasansa na hutawa aka kira shi, kuma sanannen abu ne cewa fadar shugaban ƙasa ce ta nemi a sa shi cikin tawaga. Ba na faɗin haka don in tauye wa Baturen Rasha haƙƙinsa. Shi ya horar da jikinsu har suka iya jure gudu da mutum tara, shi ya san ya ajiye Milla a benci sai abokan hamayya sun gaji sa'an nan ya sake shi, kuma ba don fenareti biyu na Gary Lineker a Naples ba, da Zakuna sun wuce Ingila. Tadbirinsa a wata guda ɗin nan ba shi da aibi. Amma wanda ya ce shi ya gina tawagar, ya ba da shaidar abin da bai gani ba.

Tarihi ya maimaita kansa bayan shekara goma. Le Roy ya dawo na ɗan lokaci ya kai Zakuna gasar duniya ta 1998 a Faransa, bai ci wasa ko ɗaya ba, canjaras biyu da kashi ɗaya a hannun Italiya, wanda idan da sakamako kaɗai ake hukunci sai a ce ya gaza. Sai dai cikin tawagar tasa akwai Samuel Eto'o yana ɗan shekara 17, mafi ƙanƙantar shekaru a duk gasar, akwai Lauren wanda ya tashi a Sifen aka shawo kansa ya zaɓi ƙasar haihuwarsa, akwai Wome da Njanka da Olembe. Waɗannan, tare da Rigobert Song da Patrick Mboma da marigayi Marc-Vivien Foé, su ne Pierre Lechantre ya ɗauko kofi da su a Legas ran 13 ga Fabrairu 2000, a wasan da bugun Victor Ikpeba ya daki ƙarfe ya tsallake layi alƙali bai gani ba, kuma su ne Winfried Schäfer ya sake ɗaukowa da su a Bamako a 2002, wasa shida ba a zura musu ƙwallo ko ɗaya ba. Mutanen nan biyu sun iya riƙon amanar da suka gada, kuma iya riƙon gado ma baiwa ce, ba kowa Allah ke ba ba.

Wanda nake jin ciwon yadda ake mantawa da shi shi ne Jean-Paul Akono, ɗan ƙasa, wanda a Satumbar wannan shekara ta 2000 ya kai matasan Kamaru wasannin Olamfik a Sidni, ya ɗauki kasada ya tsayar da Idriss Carlos Kameni a raga yana ɗan shekara 16, ya fitar da Barazil ta Ronaldinho da mutum tara a fili, sa'an nan a wasan ƙarshe, bayan Sifen ta Xavi da Puyol ta yi gaba da ci 2, yaransa suka farke suka karɓe zinariya a fenareti. Da baƙo ne ya yi wannan aiki, da har yau ana kafa hujja da sunansa a kowace majalisa. Mun saba raina abin da ke kusa da mu, kuma wannan ɗabi'a ta cuce mu a fannoni da yawa waɗanda suka fi ƙwallo muhimmanci.

Akwai kuma misalin da ke nuna cewa firasa ita kaɗai ba ta kai mutum gaci. Paul Le Guen ya karɓi Zakuna a 2009 suna ƙasan rukuninsu, ya kai su gasar duniya ta Afirka ta Kudu, ya jawo Joël Matip da Eric Maxim Choupo-Moting daga Jamus suka sa rigar ƙasar iyayensu maza, ya kuma ɗauki wani yaro ɗan Garwa mai shekara 18 daga Coton Sport, Vincent Aboubakar, wanda shi kaɗai ne cikin tawagar yake wasa a gida. Ido dai ya gani. Amma da ya karɓe kyaftin daga hannun Song ya ba Eto'o, ya kasa ɗinke ɓarakar da ke tsakanin manya, sai ga tawaga mai cike da taurari ta sha kashi sau uku a jere, hannun Japan da Denmak da Holan, ta zama ta farko da aka sallama daga gasar. Volker Finke ya maimaita irin wannan a Barazil a 2014, har duniya ta ga 'yan wasa biyu masu riga iri ɗaya suna sa-in-sa a tsakiyar fili, ɗaya ya kai wa ɗaya karo.

Daga nan sai Hugo Broos, ɗan Beljiyam, wanda labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya zo da akasin duk abin da aka saba. Ana shirin gasar Gabon ta 2017 'yan wasa bakwai, daga baya suka zama takwas, suka ƙi amsa kira, cikinsu har da Matip na Liverpool da Choupo-Moting da mai tsaron gida André Onana, har mutane suka yanke ƙauna tun ba a tashi ba. Broos bai tsaya roƙon kowa ba. Ya ɗauki Christian Bassogog, wanda ke wasa a Aalborg ta Denmak ba tare da yawancin 'yan Kamaru sun taɓa jin sunansa ba, ya bar Fabrice Ondoa a raga, yaro ɗan shekara 21 wanda ko a ƙungiyar 'yan baya ta Sevilla ba kasafai ake sa shi ba, ya kuma kafa ƙa'ida cewa suna ba ya ba mutum wuri, sai aikin da ya nuna a wurin atisaye. Ondoa ya tare bugun Sadio Mané suka wuce Senegal, suka ci Gana 2 da nema. Ran 5 ga Fabrairu a Libreville, Masar ta riga su ci ta ƙafar Mohamed Elneny, mu kuwa a Briketeri mun yi cirko-cirko gaban talabijin ɗin wani shago, mai tsire ya bar wuta tana cin nama, ba mai cewa uffan. Nicolas Nkoulou ya taso daga benci ya farke da ka. Saura minti biyu a tashi, Aboubakar, wanda shi ma daga benci ya shigo, ya tare ƙwallo da ƙirji, ya ɗaga ta bisa kan mai tsaron baya, ya dake ta kafin ta zauna, raga ta motsa. Abin da ya biyo baya a titunan unguwar nan, sai wanda ya gani. Aka ba Bassogog kyautar gwarzon gasa, Kamaru ta ɗauki kofinta na biyar.

Wannan tadbiri ne tsantsa, irin wanda ban ga kamarsa ba a tarihin Zakuna, domin mutumin ya ɗinka babbar riga da ƙyallen da wasu suka raina. Duk da haka, mai bin salsala zai lura cewa Aboubakar zaɓin Le Guen ne, Ondoa kuwa Finke ne ya fara tsayar da shi bayan abin kunyar Barazil, watau mutum biyun da suka tafi da tsinuwa su ne suka bar irin da ya tsiro a Libreville. Zai kuma lura cewa wata bakwai bayan bikin, ran 1 ga Satumba 2017, Nijeriya ta zura wa tawagar Broos huɗu ba ko ɗaya a Uyo, hanyar gasar duniya ta Rasha ta toshe, kafin shekara ta ƙare an sallame shi. Wutar kara ce, ta haska ƙwarai, ba ta daɗe ba.

Wajibi ne kuma mai yin hukunci ya tambaya ko hannun mai horarwa a sake yake wajen zaɓe, domin ba a tuhumar mutum da abin da aka tilasta masa, ba a kuma yaba masa a kan abin da ba shi ya ƙulla ba. Mun ga yadda aka kira Milla a 1990, mun kuma ga abin da ya faru a 2024, lokacin da ma'aikatar wasanni ta naɗa Marc Brys ba da yardar hukumar da Eto'o ke shugabanta tun Disambar 2021 ba, har cacar bakin da suka yi a ofishin nan na Tsinga ta zagaye duniya ta wayoyin hannu. Mai horarwar da ke tsakanin iyayen gida biyu, kowa na ja, da wane mizani za a auna shi?

Ni dai idan aka ce in yanke hukunci tsakanin tela da ɗan acaɓa, bayan na ba kowa haƙƙinsa, da tela nake. Le Roy nake sawa gaba, domin shi kaɗai ne cikinsu ya haɗa biyun: ya ci kofi da hannunsa, kuma sau biyu ya bar wa na bayansa rumbu cike. Broos da Akono na biye masa, sa'an nan sauran.

Sai dai ko Le Roy ba shi ne farkon salsala ba. Kafin ya ga Omam-Biyik wani ya riga ya gan shi, kafin Le Guen ya ji sunan Aboubakar wasu a Garwa sun yi shekaru suna gyara masa ƙafa, kamar yadda makarantar Kadji ta Duwala ta reni Eto'o da Kameni da Nkoulou. A nan unguwarmu ma, tsakanin la'asar da magariba, za ka ga yara a kan jar ƙasa, duwatsu biyu a matsayin raga, wani bawan Allah da usur a wuya yana tsawata musu, wanda shi ne ke sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, shi ke bin gida gida yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo atisaye bayan an tashi daga makarantar allo, shi ke shirya su gasar hutun makaranta. Irin waɗannan su ne masu shukar fari, kuma ba wanda ke rubuta sunansu. Breel Embolo, wanda ya ci Kamaru a Ƙatar a 2022 sanye da rigar Suwizalan, ya ɗaga hannu ya ƙi yin murna, a nan Yawunde aka haife shi; Allah kaɗai ya san irinsa nawa ne ke gudu ba takalmi a bayan masallacinmu.

Abin da da yawa cikin waɗannan bayin Allah ba su sani ba shi ne dokar hukumar ƙwallo ta duniya ta tanadar musu rabo. Idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tun daga shekara 12 har zuwa 23, da sharaɗin cewa sunan ƙungiyar yana cikin takardar tarihin yaron, wadda hukumar ƙasarsa ke ajiyewa. Wanda bai yi rajista ba, ba shi da shaida, kuma da'awar da ba shaida ba ta tsayawa a gaban kowane alƙali. Saboda haka ina kira ga masu horar da yaranmu na Briketeri da Tsinga, da attajiran unguwa masu hali, su haɗa kai su yi wa ƙungiyoyin nan rajista, a yankar wa kowane yaro lasisi da sunansa da shekarunsa na gaskiya, tun da gidan hukumar yana nan bisa tudu, ko da ƙafa ana zuwa.